Abin da ya hau da mutane duwatsun Filato, da abin da ya sauko da su

Baƙon da aka kai shi wani tsohon ƙauye a gefen duwatsun Shere, gabas da Jos, ko a tsaunukan Pankshin, yakan sauko da labari iri ɗaya. Ya ga ɗakuna masu jinka a maƙale tsakanin manyan duwatsu, ya ga rumbuna da 'yar hanyar da mutum biyu ba sa jerawa a kanta, sai ya yanke hukunci cewa waɗannan mutane tsoro ya koro su, zamani kuma ya wuce ya bar su. Haka masu yawon buɗe ido suke faɗa game da ƙauyukan Lahu da ke tsaunukan arewacin Tailan da Bama da yankin Yunnan na ƙasar Sin. Wannan hukunci yana da rabin gaskiya. Zaman kan dutse a Filato dabara ce ta mutanen da suka auna tsaro da ƙasar noma da ƙarfin hannunsu, suka zaɓi abin da ya fi musu riba, kuma da ma'aunin ya sauya su da kansu suka sauya wurin zama.

Ba a musun batun tsoro. Tun da Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi a wajen 1809, masarautun Bauchi da Zazzau suka sa gefunan Filato a gaba, ana kai hari ana kama bayi. Dokin yaƙi kuwa sarkin fili ne, idan ya zo gindin dutse ƙarfinsa ya ƙare. Tudun Jos ya haura mita 1,200, ƙololuwar Shere ta wuce mita 1,800, saboda haka wanda ya hau ya sami ganuwar da bai gina ba. Inda babu dutse, kamar filayen Berom, sai aka shuka ganuwa: shingen ƙerana mai ƙaya da farin ƙaro mai ƙuna, ana jera shi ya kewaye gida da gona, hanyoyin shiga gari su zama lunguna masu karkacewa waɗanda mahayi ba ya iya juya dokinsa a ciki. Har yau ana ganin ragowar wannan shinge a ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi, sai dai yanzu awaki yake tsarewa.

Amma tsoro kaɗai ba ya bayyana abin da aka tarar a kan duwatsun. Ɗan gudun hijira bukka yake kafawa, yana jiran ranar komawa. A ƙasar Ron, wajen Butura a Bokkos, akwai gadoji da hanyoyin dutse da aka jera ba tare da laka ba, waɗanda Najeriya ta sa cikin kayan tarihinta na ƙasa. A ƙasar Ngas an sassaƙa gangaren tsauni hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutsensa mai riƙe ƙasa da ruwa. Aikin nan ba na shekara ɗaya ba ne, ba ma na tsara ɗaya ba. Haka yawan harsunan yankin, daga Berom da Izere da Irigwe zuwa Ngas da Mwaghavul da Tarok, waɗanda wasunsu dangin Hausa ne na nesa wasu kuma daga wani gida dabam suke, yana nuna zama ne da ya daɗe ƙwarai kafin jihadi. Hare-haren ƙarni na 19 sun ƙara cusa mutane cikin duwatsu, amma sun tarar da masu gida a can.

Hujja mafi ƙarfi tana wajen Kofyar, a kudancin gefen tudun, cikin ƙaramar hukumar Qua'an Pan ta yau. Wani Ba'amurke mai nazarin al'umma, Robert Netting, ya zauna da su tun daga 1960, ya fitar da littafinsa a kan manoman tsauni a 1968. Abin da ya bayyana noma ne mai lissafi. Kowane magidanci gidansa yana tsakiyar gonarsa. Da damina ba a sakin awaki, ana tsare su a wani garke mai katangar dutse, a yanko ciyawa da ganye a zuba musu, su ci su tattake saura, kashi da fitsari su haɗu da shi. Kafin shuka sai a kwashe wannan taki a kwando a baza a gonar ƙofar gida. Kunyoyin ma ba a barin su a buɗe, ana datse su gida-gida yadda ruwan sama zai tsaya ya nutse maimakon ya gangara da ƙasa. A gona ɗaya ana haɗa gero da dawa da wake, ga itatuwan kwakwar manja da atili a gefe, acca kuma tana can a gonakin nesa masu ƙarancin ƙarfi. Da haka ake noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, a lokacin da manomin fili mai yalwar daji yake barin gona ta yi saura ya sari sabuwa. Idan ana neman wanda ya fi sanin ƙasa a cikin su biyun, ba sai an yi dogon tunani ba.

A 1930 aka kashe wani mataimakin Di'o mai suna Barlow a ƙauyen Latok da ke kan duwatsun Kofyar. Turawa suka hukunta Latok da maƙwabtanta da abin da suka san zai fi zafi, wato suka sauko da su fili, suka hana su komawa har shekara 9. Da aka ɗage dokar, da yawansu suka sake hawa. A lokacin kuwa harin bayi ya daɗe da ƙarewa, babu mahayin da ake gudu. Katangunsu da itatuwansu da ƙasar da suka yi shekaru suna ciyarwa da taki suka koma wa.

Wani zai ce ko da hakan ne, ai a killace suke, ba su san duniya ba. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Wasu al'ummomin arewa da gabashin tudun sun ƙulla amana da Bauchi, suna ba da gaisuwa ana barin su lafiya, fatake suna shiga da gishiri da tufafi. Maƙeran Hausa na Liruwen Delma suna narka kuza tun kafin Bature ya san da ita, kuma wannan kuzar da aka gani a kasuwanni ce ta sa kamfanin Neja ya turo George Nicolaus a 1902, sannan H. W. Laws ya biyo baya ya kafa sansani a Naraguta. Mutanen tudun suna da ƙeransu na ƙarfe, suna da ƙananan shanunsu muturu, suna da ƙuru, ɗan gajeren dokin da ake hawa ba sirdi a farauta da yaƙi. Sun san abin da ke fili sarai. Abin da suka ƙi shi ne a ɗora musu sarki da haraji daga waje. Wani manazarci, James Scott, ya yi irin wannan bayani a 2009 game da tsaunukan kudu maso gabashin Asiya, har da Lahu, cewa hawa dutse hanya ce ta kauce wa hukuma. Bayanin ya dace da Filato ta wani ɓangare, amma ya rage wa noman haƙƙinsa, don Lahu na dā masu sassabe ne da ke tashi idan ƙasa ta gaji, na Filato kuwa dasa kansu suka yi.

Akwai ƙorafi na uku, kuma shi ya fi nauyi: in zaman dutse yana da daɗi haka, me ya sa aka watse? Gaskiya ba daɗi ne da shi ba. Mace tana hawa da tulun ruwa a ka, ƙasar noma ba ta isa idan 'ya'ya suka yi yawa, ƙauye da ƙauye suna faɗa a kan iyaka, mara lafiya sai an saukar da shi a kafaɗa. Mulkin mallaka kuma ya birkita lissafin gaba ɗaya. Haraji ya zama na kuɗi, kuɗin kuwa yana wajen haƙar kuza. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, babban layin gabas ya iso a 1927, Hausawa da Yarbawa da Ibo suka cika barikokin ma'adinai, Fulani makiyaya suka hau tudun da shanunsu. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta matsu da kuza, aka shiga ɗibar mutane aikin tilas har 1944. Kamfanoni sun cinye gonakin Berom masu yawa, suka bar ramukan da suka zama tafkuna tsakanin Bukuru da Barikin Ladi. Makaranta da asibiti da kasuwa da hanyar mota duk a ƙasa aka yi su.

Kofyar ɗin da suka ƙi zaman fili da aka tilasta musu, su ne daga shekarun 1950 suka fara gangarowa da ƙafarsu zuwa dajin Namu, domin hanya ta buɗe, doya ta yi kuɗi. Da farko sun yi noman sassabe kamar kowa, saboda ƙasa a yalwace take. Da wurin ya cika, sai suka dawo da tsohuwar dabara, aiki ba ƙaƙƙautawa a fili ɗaya, da gayyar maƙwabta wadda ake sallama da burkutu. Glenn Stone, ɗalibin Netting da ya bi sawunsu a shekarun 1980, ya tarar da iyalai da dama ba su bar tsohon gida ya mutu ba, sukan ajiye wani tsoho ko 'yan makaranta a can, su da kansu kuma suna Namu suna loda doya a manyan motoci.