Fim Ɗaya, Hukunci Uku: Yadda Duniya Ta Karɓi The Farewell

A ranar 12 ga Yulin 2019 aka fara nuna wani ƙaramin fim mai suna The Farewell, wato bankwana, a gidajen sinima huɗu kacal a Amurka. Kusan dala miliyan 3 aka kashe masa, kuɗin da a Hollywood bai kai ladan babban jarumi guda ba. Cikin wata bakwai da suka biyo baya, fim ɗin ya gurfana gaban alƙalai iri uku: masu sharhi da 'yan kallon Amurka, da masu raba lambobin yabo, da kuma mutanen ƙasar Sin waɗanda a garinsu aka ɗauke shi. Kowannensu ya yanke nasa hukuncin dabam. Wannan tarihi ya kamata mu san shi, mu da aka haifa a zangunan Kumasi da Ankara ko unguwannin Hausawa na Yawunde da Njamena, domin labari ne na mutumin da yake da gida biyu, kuma kowane gida yana yi masa kallon ɗan wancan.

Mai fim ɗin, Lulu Wang, an haife ta a Beijin a 1983, iyayenta suka ƙaura da ita zuwa Miami tana da shekara 6. A 2013 likitoci a ƙasar Sin suka gano kakarta ta wajen uba tana da ciwon dajin huhu da ya yi nisa, suka ce saura mata 'yan watanni. Dangi suka yi shawarar kada a faɗa wa tsohuwar. Don kowa ya samu damar ganinta ba tare da ta tsargu ba, sai aka gaggauta bikin auren wani jikanta, 'ya'ya da jikoki suka taho daga Amurka da Japan da sunan biki, alhali bankwana suka zo yi. Wannan ne labarin da Wang ta mayar fim. A cikinsa wata budurwa mai suna Billi, wadda ta tashi a New York, ta koma birnin Changchun tana fama da zuciyarta: tarbiyyar Amurka ta ce mata haƙƙin maras lafiya ne ya san gaskiya, dangi kuma suka ce nauyin irin wannan labari nasu ne su ɗauka, ba na tsohuwa ba. Ana dariya a wurin biki, ana juya baya a share hawaye.

Tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya aka fara yi wa labarin hukunci. Wang ta sha bayyana cewa masu zuba jari na Amurka sun ga labarin ya cika Sinanci, suna son a sa Bature a tsakiyarsa, a kuma ƙara Turanci. Da ta juya wajen masu kuɗi na ƙasar Sin, su kuma suka ga ya cika Amurkanci, domin da idon baƙuwa ake kallon komai. Ta ƙi sauya shi. A 2016 ta ba da labarin da bakinta a wani shahararren shirin rediyo mai suna This American Life. A nan furodusa Chris Weitz ya ji shi, ya neme ta, hanya ta buɗe. Aka ɗauki fim ɗin a Changchun, garin kakar, har ƙanwar tsohuwar ta fito a matsayin kanta. Aka ba Awkwafina, wadda a lokacin aka fi sani da waƙa da barkwanci, matsayin Billi, ita kuma Zhao Shuzhen, tsohuwar 'yar wasa daga ƙasar Sin da ba a san ta a Amurka ba, ta zama kaka.

A Janairun 2019 aka nuna shi a bikin Sundance, babbar kasuwar finafinan da ba manyan kamfanoni suka yi ba. Kamfanin A24 ya saye shi. Wang ta ce wani kamfanin nuna finafinai ta intanet ya taya shi da kuɗin da ya ninka haka, ta ƙi sallamawa, domin tana son mutane su zauna tare cikin ɗaki ɗaya su kalle shi. Hasashenta ya yi daidai. A ƙarshen makon farko, kowane ɗaya daga gidajen sinima huɗun ya tara sama da dala 85,000 a matsakaici, abin da ya zarce matsakaicin da Avengers: Endgame ya samu a kowane gida a makonsa na farko a shekarar. Gaskiya ne wancan a gidaje sama da 4,000 aka buɗe shi, don haka gwajin ba na tsara ba ne, amma ya nuna irin ƙishirwar da ke akwai. Ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Asiya sun yi gangamin sayen tikiti, wanda ya gani ya faɗa wa wanda bai gani ba, har fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 17 a Amurka, da sama da miliyan 20 a duniya baki ɗaya.

Masu sharhi kuwa kusan bakinsu ya zo ɗaya. A shafin Rotten Tomatoes, inda ake tattara ra'ayoyinsu, fiye da kashi 95 cikin 100 sun yaba. Abin da suka fi ambata shi ne adalcin fim ɗin: bai mai da dangi jahilai ba, bai kuma mai da Billi marar kunya ba. Ya nuna cewa ita kanta tsohuwar ta taɓa ɓoye wa mijinta irin wannan labari lokacin da yake jinya, ya bar mai kallo da tambayar. Sai dai ƙarƙashin wannan yabo akwai kallo iri biyu. Ga da yawan Turawa, ɓoye wa mutum ciwon ajalinsa abin al'ajabi ne, shi ne ma abin da ya ja su. Ga 'ya'yan baƙin haure kuwa, abin da ya taɓa su shi ne Sinancin Billi mai tuntuɓe, da yadda ake tambayarta ko Amurka ta fi Sin daɗi, da yadda ta tarar an rushe unguwar da ta yi ƙuruciya. Tikiti iri ɗaya suka saya, amma ba fim ɗaya suka kalla ba.

Hukunci na biyu ya zo ne daga masu raba lambobin yabo. Dokar Golden Globe a lokacin ita ce, duk fim ɗin da fiye da rabin maganarsa ba Turanci ba ce, to sai dai ya shiga rukunin finafinan harsunan waje. Ta haka fim ɗin da Ba'amurkiya ta rubuta ta kuma ba da umarni, da kuɗin Amurka, game da wata Ba'amurkiya, ya tsinci kansa cikin baƙi. A Janairun 2020 Parasite na Koriya ta Kudu ya lashe wannan rukuni. Awkwafina dai ta samu lambar jarumar da ta fi fice a finafinan barkwanci, ita ce mace ta farko 'yar asalin Asiya da ta same ta. Da aka fitar da sunayen 'yan takarar Oscar, The Farewell bai samu gurbi ko ɗaya ba. A ranar 8 ga Fabrairun 2020, kwana ɗaya kafin bikin Oscar, bikin Independent Spirit na finafinai masu zaman kansu ya ba shi lambar fim mafi kyau, ya kuma ba Zhao Shuzhen ta mataimakiyar jaruma, ko da yake annobar korona ta hana ta halarta.

A daidai wannan kaka ne wani abu mai kama da haka, amma ta baibai, ya faru da fim ɗin Najeriya. A Nuwamban 2019 hukumar Oscar ta cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga takarar finafinan ƙasa da ƙasa, saboda yawancin maganarsa Turanci ce. Shi ma labarin iyali ne mai dariya da damuwa, akwai Ibo da ɗan Hausa a ciki, kuma Sani Mu'azu da Yakubu Muhammad sun fito. Wancan an ce Turancinsa bai isa ya zama ɗan gida ba, wannan an ce Turancinsa ya yi yawa ya zama baƙo. Ma'aunin ɗaya ne: ƙirga mintunan harshe a yanke wa mutum asali. Shekara guda bayan haka aka maimaita wa Minari, labarin iyalin Koriyawa manoma a jihar Arkansas. Wang tana cikin waɗanda suka fito fili suka soki abin, kuma a 2021 masu Golden Globe suka sauya dokar, suka bar finafinan da ba na Turanci ba su yi takarar babbar lamba.

Hukunci na uku shi ne mafi ɗaci. An shirya nuna fim ɗin a ƙasar Sin a Nuwamban 2019, aka ɗage, sai ranar 10 ga Janairun 2020 ya fita, da sunan Sinanci mai ma'anar kada a faɗa mata. Abin da ya tara bai kai dala miliyan 1 ba, a ƙasar da fim ɗin gida kan tara ɗaruruwan miliyoyi. Mako biyu bayan haka korona ta sa aka rufe gidajen sinima, amma tun kafin nan 'yan kallo ba su zo ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Abin da ya zama al'ajabi a New York, a Changchun ruwan dare ne. Babu wanda zai biya kuɗi don a nuna masa abin da gidansu ke yi. Wasu kuma sun ji cewa Sin ɗin da aka nuna ta mai ziyara ce, wadda ke ganin liyafa da maƙabarta da otal, ba ta ganin rayuwar yau da kullum. Haka ya faru da Crazy Rich Asians a 2018: ya yi kasuwa ƙwarai a Amurka, a Sin ya faɗi warwas. Wanda ke nesa yana ɗaukar gida da girma a ransa, gida kuma ba lalle ya gane kansa a cikin wannan hoton ba.

Akwai kuma abin da ba a ƙirga shi da dala. Kakar ba ta rasu cikin watannin da aka ɗibar mata ba. Fim ɗin ya rufe ne da nuna ta a raye bayan shekara 6. Ta san jikarta tana ɗaukar fim a garinsu, har takan leƙa wurin aikin, amma ba a faɗa mata ainihin labarin ba. A farkon 2020 Wang ta bayyana cewa tsohuwar ta gano gaskiya ne ta hanyar wani sharhin fim ɗin da ƙawarta ta tura mata. Sirrin da dangi suka riƙe shekara da shekaru, nasarar fim ɗin ce ta tona shi. Duk mai son mai da gidansu labari sai ya tsaya a kan wannan, domin yabon duniya ba ya biyan abin da aka ɗauka daga mutanen gida ba da saninsu ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga al'adar da fim ɗin ya ginu a kanta. Mu ma ana tambayar mai jiki a ce da sauƙi, ko da an ga alamar tafiya. Mu ma akan aika wa na nesa cewa jikin Baba ya yi tsanani, ya taho, alhali an riga an yi sutura. Inda za mu fi ganin kanmu shi ne a wurin Billi. Ɗan zangon da kakanninsa suka zo fataucin goro fiye da shekara ɗari da suka wuce, har yau akan tambaye shi asalinsa a ƙasar da aka binne cibiyarsa. In ya je Kano kuma, daga gaisuwar farko a gane Hausarsa ta sha ruwan wani wuri. Finafinan da muke kallo yawanci daga Kano suke zuwa, da rayuwar can da matsalolin can, namu kuwa na zaman tsakani bai cika fitowa ba.

Ranar da ɗanmu zai ɗauki kyamara ya ba da labarin gidan zango, da Hausarsa gauraye da Tuwi ko Faransanci ko Larabcin Chadi, shi ma zai gamu da alƙalan nan uku. Za a ce masa ya gyara harshe don kasuwar Kano, ko ya rage Hausa don kasuwar ƙasarsa. Abin da tarihin The Farewell ya nuna shi ne, Wang ba ta samu yardar kowa ba, amma ta samu mutanen da labarin nasu ne, kuma su suka cika ɗakunan farko har sauran duniya ta waiwayo. Da ta bi shawarar masu kuɗi, da ta rasa waɗannan ma. Saboda haka nauyi biyu ne: mai labari ya faɗe shi yadda yake, tare da kiyaye mutuncin waɗanda ya ambata, mu kuma 'yan kallo mu fito mu saya, mu yi sharhi da kanmu, kada mu jira na nesa ya gaya mana ko abin namu ya yi kyau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.