Tarihin Barista Zannah Mustapha, Lauyan Marayu

'Yan uwana mazauna Zabarmari, manoma da 'yan kasuwa, yau ina so in ɗan ba ku tarihin wani bawan Allah na nan Maiduguri, wato Barista Zannah Bukar Mustapha, domin akwai darasi babba a cikinsa gare mu.

Shi dai wannan mutum lauya ne, ya daɗe yana aiki a kotunan shari'ar Musulunci. A shekarar 2007 sai ya buɗe makaranta a Maiduguri mai suna Future Prowess Islamic Foundation, domin marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi. Da yara 36 kacal ya fara. Ba a biyan ko kwabo. Karatu kyauta, abinci kyauta, kayan makaranta da magani duk kyauta, kuma ana haɗa musu ilimin addini da na zamani.

To, bayan shekara biyu, a watan Yuli na 2009, rikicin Boko Haram ya ɓarke. Marayu suka yawaita ta kowane ɓangare. A nan ne Barista ya yi abin da mutane da yawa suka ji tsoron yi. Ya karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe, ya kuma karɓi 'ya'yan 'yan ƙungiyar da suka mutu, ya zaunar da su aji ɗaya, suna cin abinci tare. Ai yaro bai zaɓi ubansa ba, kuma in an ƙyale shi a titi, gobe shi ne zai ɗauki makami. Kafin shekarar 2017 ɗaliban sun kai 540.

Wannan adalci shi ya sa ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Kun dai tuna an sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok a watan Afrilu na 2014. Barista yana cikin waɗanda suka shiga tsakani, tare da taimakon gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross, har aka sako 21 a watan Oktoba na 2016, aka kuma sako 82 a watan Mayu na 2017. A wannan shekara ce hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a birnin Janiba.

Jama'a, me ya sa na kawo wannan tarihi? Babu ɗan Zabarmari da zai manta ranar 28 ga Nuwamba 2020, da aka yi wa manomanmu kisan gilla a gonakin shinkafa na Koshebe. Washegari aka yi jana'izar mutum 43. Allah Ya jiƙansu, amin. Sun bar mata da yara, kuma yaran nan yanzu sun tasa. Wa ke bin kadin karatunsu?

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu ita ce a zagaya unguwa-unguwa a rubuta sunayen marayu, a san mai zuwa makaranta da wanda ba ya zuwa. In kaka ta yi, kowane manomi ya ware ko da kwano ɗaya na shinkafa, mu 'yan kasuwa mu kawo littafi da sabulu. Shi ma Barista da 36 ya fara, mu ko da goma ne mu fara.

Allah Ya ba mu iko, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Wassalam.