Daga Tanderu Zuwa Gidan Burodi

Tun kafin Kano ta san burodi ta san gurasa. Ana danganta zuwanta da Larabawan da suka riƙa ƙetaro Sahara da fatauci har suka zauna a birni, kuma sunanta da na tanderun da ake gasa ta duk daga Larabci aka aro su. Kayan aikin ba su da yawa: dutsen niƙa, rariya, ƙwaryar kwaɓi, sai tanderu, wata babbar tukunyar yumɓu da ake hura wuta a cikinta. Idan ta yi zafi, mai gurasa ta miƙa hannu ta manna kwaɓin a jikin bango, ta ɓamɓaro shi da zarar ya gasu. Alkamar kuwa ta gida ce, ta noman rani, shi ya sa gurasa da alkaki suka zama abincin biki da na manyan baƙi.

Burodi daga bakin teku ya hauro, ya biyo jirgin ƙasa da ma'aikata. Da shi aka samu sabon murhu: ɗakin gashi na bulo, a cika shi da itace, a kwashe garwashi, sannan a tura gwangwanaye da doguwar sanda. Bayan kamfanin Flour Mills ya fara niƙa a Apapa a 1962, aka kuma kafa masana'antar fulawa a Kano, buhun fulawa ya wadata. Injin murza kwaɓi ya karɓi aikin da ƙarti ke yi da damtse, teburin mai shayi ya zama kasuwar burodi a kowace unguwa.

Sai dai alkamar da ake niƙawa ta jirgin ruwa ce. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987 don a dogara da gonaki irin na Kadawa, amma abin da aka noma bai isa ba, aka ɗage dokar a 1992. Yaƙin Rasha da Yukren a 2022 da cire tallafin man fetur a 2023 sun sake tuna mana da wannan rauni. Yau mai gidan burodi yana da murhun gas ko na lantarki da injin yanka, amma idonsa na kan farashin dala da dizal.

A lungunan Jakara kuwa, har gobe mata na sammakon hura tanderu, masu gurasar bandashe na jira da ƙuli da mai. Tukunyar ba ta neman janareta, amma ita ma yanzu fulawar kanti take gasawa. Wannan ne ke damuna. Mun iya gashi tun kaka da kakanni. Abin da muka saki shi ne noman alkamar.