Enchanted April (fim na 1991)

Enchanted April fim ne na Birtaniya wanda ya fito a shekarar 1991. Mike Newell ne ya ba da umarni, Peter Barnes kuma ya rubuta shi daga littafin Elizabeth von Arnim mai suna The Enchanted April, wanda aka wallafa a 1922. An shirya shi ne don gidan talabijin na BBC, daga baya kamfanin Miramax ya kai shi sinimomin Amurka a 1992.

Labari

Labarin ya faru ne a Landan jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Lottie Wilkins (Josie Lawrence) matar wani lauya ce mai maƙo, wanda ba ya ɗaukar ta a bakin komai. Rose Arbuthnot (Miranda Richardson) kuwa mace ce mai riƙo da addini, tana jin kunyar littattafan da mijinta yake rubutawa kan ƙwarƙwarorin sarakuna, har zamansu ya koma na doya da manja. Sai suka ga talla a jarida cewa ana ba da hayar wani tsohon gidan sarauta a bakin teku a Italiya, na tsawon watan Afrilu. Da yake kuɗin ya fi ƙarfinsu, suka nemo wasu mata biyu su raba hayar: Misis Fisher (Joan Plowright), dattijuwa mai faɗa wadda mijinta ya rasu, da Lady Caroline Dester (Polly Walker), kyakkyawa da ta gaji da maza masu bin ta.

A gidan, mai suna San Salvatore, babu wani babban abu da ya faru in ban da hutu da rana da furanni, amma a hankali zukatansu suka sauko. Lottie ce ta fara gayyato mijinta. Mijin Rose ma ya iso, sai dai Caroline ya biyo, bai san matarsa tana gidan ba. Rose ta ɗauka wasiƙarta ce ta kawo shi, kuma a kan wannan kuskuren suka shirya. Ba a warware wannan ƙulli ba har fim ɗin ya ƙare, kuma nan ne ya fi barin mai kallo da tunani: matan sun gudu daga aurensu ne, suka koma cikinsa, ɗaya daga cikinsu ba tare da ta san gaskiya ba.

Wurin ɗauka da kyaututtuka

An ɗauki yawancin fim ɗin a Castello Brown da ke Portofino, gidan da marubuciyar ta zauna a lokacin da ta rubuta littafin. Richardson da Plowright sun lashe kyautar Golden Globe. An kuma zaɓi fim ɗin a rukuni uku na kyautar Oscar, wato na mai taimaka wa jaruma (Plowright), da rubutun labari, da tsara sutura, amma bai samu ko ɗaya ba. Kafin wannan, an taɓa mayar da littafin fim a Amurka a 1935.