Baƙuwar Amurka a Birnin Faris

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, za ku tuna yadda muka haddace juyin juya halin Faransa na 1789 don jarrabawa, alhali ba mu san irin zaman da mutanen suke yi ba. Ni sai daga baya na hango shi a wasiƙun Abigail Adams.

'Yar limamin coci ce daga Massachusetts. A watan Agustan 1784 ta sauka Auteuil, gefen Faris, inda mijinta John Adams, wanda ya zama shugaban Amurka a 1797, yake nema wa ƙasarsa yarjejeniyar ciniki.

Ado ne ya fara ɗaure mata kai. Hatta barorin gida sai an gyara musu gashi. Ba ta gama kintsawa ba fada ta sa makokin kwana 11 saboda rasuwar wani ɗan sarki mai shekara 8, kowane jakada da iyalinsa sai baƙaƙen tufafi. Thomas Jefferson ya garzaya wurin tela don a ɗinka masa kwat ɗin siliki cikin kwana biyu. Ga shi majalisar Amurka ta rage albashin jakadunta. Amma in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nema ka ɗaura.

A liyafar gidan Benjamin Franklin ta ga Madam Helvétius ta sumbaci maigidan a gaban baƙi, har ta rataya hannu a wuyansa. Ranta ya ɓaci ainun. Da aka kai ta kallon rawar bale kuwa, ta ga 'yan mata cikin guntayen tufafi shara-shara suna tsalle, kunya ta rufe ta. Amma a wasiƙar da ta aika wa yayarta a Fabrairun 1785, ta amsa cewa yau da gobe ta kawar da ƙyamar, har tana jin daɗin kallon, ko da yake tana tausayin makomar 'yan matan.

Wannan gaskiyar ce ta burge ni. Mu ma da muka bar makaranta muka shiga manyan birane, nawa ne cikin abubuwan da suka girgiza mu da farko yau ba ma ko ɗaga kai? Sabo turken wawa. Ita dai ta lura da ranar da idonta ya saba, ta kuma rubuta. Ni ban lura da tawa ba.