Mazaɓar Mulgrave

Mulgrave mazaɓa ce ta majalisar dokokin jihar Victoria a ƙasar Ostireliya. Tana cikin unguwannin kudu maso gabashin birnin Melbourne. An fara kafa ta a shekarar 1958, kuma Ray Wiltshire na jam'iyyar Liberal ne ya wakilce ta har aka soke ta a 1967. Da aka sake kafa ta a 2002, Daniel Andrews na jam'iyyar Labor ya lashe kujerar, ya riƙe ta har 2023, ya kuma zama firimiyan jihar daga 2014. Bayan murabus ɗinsa, Eden Foster ta Labor ta ci zaɓen cike gurbi a watan Nuwamban 2023.