Malam Hamza na Tsakuwa da Asalin Harin Ningawa a Kudancin Kano

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya hango duwatsun Riruwai, lalle ya yi mamakin yadda ƙasa mai ruwa da albarka haka ta daɗe da ƙarancin jama'a. Ɗaya daga cikin dalilan wannan shi ne harin Ningawa, wanda ya addabi kudancin Kano wajen shekara hamsin. Waɗanda suka kafa sarautar Ningi kuwa malamai ne daga Tsakuwa ta ƙasar Kano.

Wajen shekara ta 1846, farkon sarautar Sarkin Kano Usmanu ɗan Dabo, Malam Hamza da waɗansu malamai 'yan'uwansa suka ƙi biyan kuɗin ƙasa. Hujjarsu tana da ƙarfi, gama Shehu Usmanu da kansa, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari a cikin al'adun sarakunan Haɓe waɗanda ya soke. Watau Hamza ya ɗauki maganar Shehu ya auna magadan Shehu da ita. Da ya ga Kano ba za ta ƙyale shi ba, sai ya yi hijira da jama'arsa zuwa duwatsun kudu maso gabas, wurin Butawa da Warjawa da maƙwabtansu, waɗanda ba su musulunta ba, sun kuwa gaji da ba Bauchi gandu.

A nan ne labarin ya cika da abin al'ajabi. Tsofaffin Ningi, waɗanda Adell Patton na Amurka ya tattara labarunsu a farkon shekarun 1970, sun ce Hamza yakan shimfiɗa buzunsa a iska ya zauna a kai. Sun ce yakan rayar da tururuwa matattu a gaban jama'a, ya nuna musu haka zai ta da duk wanda ya faɗi a wurin yaƙi. Mai nazarin tarihi ba shi da ma'aunin da zai auna addu'a ko asiri, amma yana iya duba abin da ya biyo baya. Wajen shekara ta 1849 rundunar Sarkin Bauchi Ibrahim ta kashe Hamza a fagen fama, shi da ya yi alkawarin ta da waɗansu.

Duk da haka al'amarin bai mutu da shi ba, wannan kuwa shi ne abin lura. A zamanin Abubakar Ɗan Maje, daga 1855 zuwa 1870, da na Haruna Ƙarami bayansa, Ningi ta ƙara ƙarfi ƙwarai. Dokin Kano, wanda ya ke abin tsoro a fili, ba ya amfana kome a hawan dutse. Kibiyar mutanen dutse tana da dafi, ga shi sun san kowane kwazazzabo, kuma suna da ƙiyayyar masu kama su bayi tun kafin su ga Hamza. Su ma Kanawa ba su yi sakaci da roƙon Allah ba. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi malami ne, yana da malamai a fadarsa, Alƙur'anin da a ke saukewa a Kano domin neman nasara shi ne a ke saukewa a Ningi. Amma abin da ya rage wa talakawa ɓarna shi ne ganuwa da ribaɗi, kamar na Takai da Sumaila, inda a ke ajiye mayaƙa su tsare iyaka.

Abin da ya fi wuyar bayani shi ne yadda magadan Hamza suka koma. Mutanen da suka bar gida domin kada a karɓi kuɗin da shari'a ba ta yarda da shi ba, su ne suka riƙa karɓar gandu daga garuruwan da suka rinjaya, suna kama 'ya'yan Musulmi a gona da ƙauye suna mai da su bayi. Wannan ya fi kuɗin ƙasa nauyi a shari'a nesa ba kusa ba. Manomin Tudun Wada da ya ga ƙurar dawakinsu ba ya tsayawa ya tambayi hujjarsu, sai ya nufi ƙofar gari da gudu.

Sa'ad da sojan Turawa suka iso Ningi a shekara ta 1902, Sarkin Ningi Usmanu Ɗan Yaya ya riga ya ɓata da jama'arsa saboda tsananin mulkinsa. Ya fita daga garin, aka kashe shi a cikin duwatsun da suka ɓoye Hamza shekara hamsin da 'yan kai kafin nan.